Koyon Farisanci daga Jimla Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi kan Nahawu da Kalmomi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke yawan fitowa daga bakin Hausawa masu fara koyon Farisanci, ko ɗaliban da ke shirin tafiya karatu Kum, Tehran ko Mashhad, ko masu koyo daga gida ta intanet. An ɗora amsoshin duka a kan jimla guda wadda mutumin Iran zai iya faɗa kowace safiya. Wajen rubuta Farisanci da boko, ā tana nufin doguwar alifi, c tana nan yadda take a Hausa, kh kuma ita ce خ ta Larabci.

Wace jimla ce za a yi aiki da ita, kuma me take nufi?

Jimlar ita ce: من هر روز صبح از نانوایی محله نان تازه می‌خرم. Ana karanta ta *Man har ruz sobh az nānvāyi-ye mahalle nān-e tāze mikharam*, ma'anarta kuwa: kullum da safe nakan sayi sabuwar gurasa daga gidan gurasar unguwa. *Man* shi ne ni, *har ruz* kowace rana, *sobh* safiya, *az* daga, *nānvāyi* wurin da ake gasa gurasa a sayar, *mahalle* unguwa, *nān* gurasa, *tāze* sabo, *mikharam* kuma nakan saya.

An fassara *nān* da gurasa domin abin da ake ci a Iran faifai ne da ake gasawa a tanderu, ya fi kusa da gurasar Kano a kan burodin leda. Akwai *sangak* da ake gasawa a kan tsakuwa mai zafi, da *barbari* mai kauri, da *lavāsh* mai siriri, da *tāftun*, kuma layin masu saye a ƙofar gidan gurasa da sassafe abu ne da duk wanda ya zauna a ƙasar ya saba gani.

Me ya sa za a tsaya kan jimla ɗaya maimakon haddace jerin kalmomi?

Domin wahalar Farisanci ba a yawan kalmomi take ba, tana cikin 'yan ƙananan gaɓoɓin da suke ɗaure kalmomin, waɗanda wasunsu ma ba a rubuta su. Mutum zai iya haddace *nān* da *tāze* daban-daban ya kasa cewa sabuwar gurasa, saboda jerin kalmomi ba ya nuna masa wasalin da ke shiga tsakaninsu. Jimla cikakkiya kuwa tana ɗauke da tsarin kalmomi, da mahaɗi, da harafin wuri, da aikatau mai ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya (ƙananan gaɓoɓin da ake liƙa masa a farko da ƙarshe), duk a lokaci guda. Idan ta zauna a baki, sai a riƙa cire kalma ɗaya ana sa wata, a mayar da *nān* ya zama *shir* wato madara, ko *mahalle* ya zama *shahr* wato birni, tsarin kuma yana nan bai motsa ba.

Shin Farisanci ba wani reshe ne na Larabci ba?

A'a. Haruffan ne kawai da ɗimbin kalmomin aro suka zo daga Larabci, amma asalin harshen daga dangin harsunan Indiya da Turai yake, shi ya sa wanda ya san Turanci yakan ji kamanni a kalmomi irin su *barādar* ɗan'uwa, *mādar* uwa, *pedar* uba da *dokhtar* 'ya. An rubuta tsohon Farisanci a jikin duwatsu tun zamanin Sarki Dariyus, aka yi na tsakiya a daular Sasaniyawa wadda ta faɗi a shekarar 651, sannan sabon Farisanci mai haruffan Larabci ya bunƙasa a ƙarni na 9 da na 10, musamman a fadar Samaniyawa ta Bukhara. Sunan kansa daga lardin Pars yake, wanda Shiraz ce babban birninsa a yau, kuma rashin harafin p a Larabci ne ya mayar da shi Fars.

A jimlarmu kalmomi biyu ne na Larabci: *sobh*, wadda ita ce asuba a Hausa, da *mahalle*, wadda tushenta ɗaya da muhalli. Irin wannan gado na tarayya yana da yawa, kamar *donyā* duniya, *dars* darasi, *qalam* alƙalami, *khabar* labari da *jom'e* Juma'a. Sai dai bai kamata ɗalibi ya saki jiki ba, domin manyan kalmomin addini da yawa Farisawa sun riƙe nasu: Allah *Khodā*, salla *namāz*, azumi *ruze*, mala'ika *fereshte*, Aljanna *behesht*. Wasu kalmomin Larabcin kuma sun sauya ma'ana, misali *harf* da muka sani da harafi, a bakin Bafarishe yakan nufi magana.

Na iya karatun Alƙur'ani da ajami. Zan iya karanta jimlar kai tsaye?

Za ka gane haruffan, amma ba za ka furta su daidai ba sai an yi maka gyara. Farisanci yana da haruffa 32, wato 28 na Larabci da ƙarin huɗu: پ p, چ c, ژ zh da گ g. Wanda ya saba da ajamin Hausa ya lura cewa ث da muke karantawa c, a can s ce, kuma غ da muke rubuta g da ita tana da nata furucin na maƙogwaro. Wanda ya tashi da rubutun Warshu na allo kuma ya tuna cewa ف ɗigonta a sama yake, ق kuma ɗigo biyu gare ta, kamar bugun ƙasashen gabas.

Tajwidi ba ya aiki a nan. ث da س da ص duk s ne, shi ya sa صبح ake cewa *sobh* da s mara kauri. ز da ذ da ض da ظ duk z ne. ت da ط duk t. ح da ه duk h. A Iran ق da غ sun haɗe wuri ɗaya. و kuma idan baƙi ce v ake furta ta, kamar a *nānvāyi*. Akwai ma inda ake rubuta و ba a furta ta, kamar خواهر *khāhar* 'yar'uwa da خواندن *khāndan* karantawa. Wasula shida ne, gajeru uku a, e, o waɗanda ba a cika rubutawa ba, da dogaye uku ā, i, u. Kisira a Iran e take bayarwa, rufu'a kuma o, saboda haka كتاب *ketāb* ne. Rashin rubuta gajerun wasula yakan sa kalma ɗaya a ido ta zama uku a baki: مهر tana iya zama *mehr* ƙauna, *mohr* hatimi, ko *mahr* sadaki.

Kuskuren da ya fi bin Bahaushe shi ne ƙara wasali a ƙarshen kalma, domin kalmominmu galibi da wasali suke ƙarewa. A Farisanci wannan ba lahanin lafazi ne kaɗai ba, yana taɓa ma'ana: *nān* gurasa ce, *nāni* wata gurasa, *nān-e* kuma yana sa mai sauraro ya jira kalmar da za ta biyo baya. Duba amsar da ke bayani kan *-e* a ƙasa.

Me ya sa aikatau ya koma can ƙarshen jimla?

Haka tsarin harshen yake a rubuce: aikau, wato mai aikin, a farko, karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, a tsakiya, aikatau a ƙarshe. Inda Hausa take cewa na sayi gurasa, Farisanci cewa yake ni gurasa na saya. Abubuwan da ke tsakani kuma sukan bi jerin da jimlarmu ta nuna, lokaci tukuna, *har ruz sobh*, sannan wuri, *az nānvāyi-ye mahalle*, sannan abin da aka saya ya manne wa aikatau. Ana iya jujjuya su don jaddadawa, amma mai koyo gara ya riƙe wannan jeri har ya saba. Yaren baki yana da sassauci a kan haka, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi maganar mutanen Tehran.

Mene ne *-e* da *-ye* ɗin nan da ake furtawa amma ba a gani a rubutu?

Sunansa *ezāfe*, kuma shi ne ƙashin bayan yankin suna a Farisanci. Gajeren wasali ne da ake liƙa wa suna domin a ɗaure shi da abin da ke bayyana shi, ko mallaka ce ko sifa. Bahaushe yana da sa'a a nan, saboda aikin da *-n* da *-r* suke yi a gidan malam da motar sarki shi ne dai aikin *ezāfe*: *nānvāyi-ye mahalle* gidan gurasar unguwa, *ketāb-e Ali* littafin Ali, *dar-e masjed* ƙofar masallaci. Idan kalmar ta ƙare da baƙi, *-e* ake sawa. Idan da wasali ta ƙare, sai a ce *-ye*, kamar *khāne-ye mā* gidanmu. Babu zancen namiji ko mace, mahaɗin ɗaya ne ga kowa.

Bambancin yana wajen sifa. Hausa takan sa sifa a gaba ta ce sabuwar gurasa, Farisanci kuwa suna yake gabatarwa, *nān-e tāze*, kuma a nan ya rabu da ilafar Larabci, wato haɗin mallaka, wadda ba ta shiga tsakanin suna da sifarsa. Ana iya jera mahaɗin sau da yawa a jere: *nān-e tāze-ye nānvāyi-ye mahalle-ye mā* na nufin sabuwar gurasar gidan gurasar unguwarmu. Har tsakanin sunan mutum da sunan danginsa akan ji shi. Inda ba ya shiga shi ne bayan lamba, bayan *in* wannan da *ān* wancan, da bayan sifar fifiko mai *-tarin*, domin waɗannan gaban suna suke zuwa: *in nān* wannan gurasa, *behtarin nān* gurasar da ta fi kowace kyau.

Tun da ba a cika rubuta shi ba, ta yaya za a san wurinsa? Sai ta ma'ana da sabo. Dubi نان تازه است: idan aka karanta *nān tāze ast*, an ce gurasar sabuwa ce, idan aka karanta *nān-e tāze ast*, an ce sabuwar gurasa ce. Shawarar da ta fi amfani ita ce ɗalibi ya riƙa sa kisira da fensir a duk inda ya ji malami ya furta *ezāfe*, a watannin farko, har kunne ya karɓi aikin daga hannun ido.

Yaya aka gina kalmar *mikharam*?

Gaɓa uku ce: ɗafa-goshi *mi-*, tushe *khar*, da ɗafa-ƙeya *-am* mai nuna wanda ya yi aikin. Ɗafa-ƙeyar kan sauya kamar haka: *mikharam* ni, *mikhari* kai ko ke, *mikharad* shi ko ita, *mikharim* mu, *mikharid* ku, *mikharand* su. Saboda aikatau ya riga ya nuna mai aikin, ana iya jefar da *man* a ce *nān mikharam* kawai, kuma haka aka fi yi, sai in ana son jaddadawa, kamar yadda Bahaushe ba ya cewa ni nakan saya sai da dalili.

Wannan siga ɗaya tana ɗaukar abin da Hausa ta raba uku. *Har ruz mikharam* lokaci sabau ne, nakan saya. *Al'ān mikharam* ina saye yanzu. *Fardā mikharam* gobe zan saya. Kalmar lokacin ce take warware ma'ana. Kuma aikatau ba ya sauya ƙarshensa saboda karɓau, irin na sayi, na saye ta, na saya. A rubutu, *mi-* tana tsayawa dab da tushe ba tare da haɗuwa da shi ba, می‌خرم, kuma allon rubutun Farisanci na waya da kwamfuta yana da maɓalli na musamman na wannan rabin tazara, wadda suke kira *nim-fāsele*. Ƙarfin murya a aikatau kan *mi-* yake faɗuwa, alhali a sunaye gaɓar ƙarshe ce ke ɗaukar sa.

Na duba *khar* a ƙamus ban sami ma'anar saye ba. Me ya faru?

Ƙamus da masdari, wato sunan aikin kamar saye ko tafiya, yake jera aikatau, masdarin a nan kuwa *kharidan* ne; *khar* ita kaɗai a ƙamus jaki za ta ba ka. Kowane aikatau na Farisanci tushe biyu gare shi. Na shuɗaɗɗen lokaci yana da sauƙi, a cire *-an* daga masdari a sami *kharid*. Na lokaci mai ci shi ne ake haddacewa, domin a aikatau da yawa bai yi kama da masdarin ba: *raftan* tafiya yana ba da *rav*, *āmadan* zuwa *ā*, *kardan* yi *kon*, *goftan* faɗa *gu*, *dādan* bayarwa *deh*, *neveshtan* rubutawa *nevis*, *gereftan* karɓa *gir*, *didan* gani kuma *bin*. Wanda ya ci karo da *mibinam* bai san tushen ba, zai daɗe yana laluben harafin b alhali kalmar tana ƙarƙashin d. Saboda haka duk sabon aikatau a rubuta shi da tushensa biyu tun ranar farko. Abin farin ciki shi ne ƙamus na Farisanci bin haruffa yake yi daga farkon kalma, ba sai an nemo asali mai baƙi uku ba kamar na Larabci.

Yaya zan mayar da jimlar zuwa jiya, ko in kore ta, ko in ba da umarni?

Don shuɗaɗɗen lokaci, ɗauki tushen *kharid* ka liƙa masa ɗafa-ƙeyar da aka jera a amsar *mikharam*, illa shi ko ita da ba su da komai: *diruz nān kharidam* jiya na sayi gurasa, *u nān kharid* ya sayi ko ta sayi gurasa. Idan aka dawo da *mi-* kan wannan tushe, sai a sami abin da aka saba yi a da, *mikharidam* a da nakan saya. *Kharide-am* kuma na riga na saya. Akwai lokaci na gaba na rubutu, *khāham kharid*, wanda za a ji a labaran rediyo da jawabai, amma da wuya a ji shi a kasuwa.

Korewa da *na-* ake yi, *nakharidam* ban saya ba, sai dai a gaban *mi-* takan koma *ne-*, *nemikharam* ba na saye. Umarni da *be-* yake: *bekhar* sayi, *bekharid* ku saya, *nakhar* kada ka saya. Wannan *be-* ɗin ita ce kuma take gina umartau, wanda yake bin kalmomin so, wajibi da yiwuwa, daidai da yadda Hausa take cewa ina so in saya: *mikhāham nān bekharam*, *bāyad nān bekharam* dole in sayi gurasa. Aikatau biyu ne suka fita daga layi tun da wuri, *dāshtan* mallaka wanda ba ya ɗaukar *mi-*, a ce *pul dāram* ina da kuɗi, da *budan* kasancewa mai *ast* ne ko ce, da *nist* ba ne ba.

Ina jinsi, kuma yaya ake jam'i?

Babu jinsi ko kaɗan, *u* na nufin shi da ita, sifa kuma ba ta sauyawa: *tāze* ne sabo, sabuwa da sababbi. Jam'i da *-hā* ake yi ga kowane suna, *ketābhā* littattafai, akwai kuma *-ān* ga masu rai a rubutu, *dustān* abokai, da wasu jam'o'in Larabci da suka shigo da kayansu kamar *akhbār*. Bayan lamba suna tilo yake zama, kuma a magana akan sa *tā* a tsakani, *do tā nān* gurasa biyu, abin da ba zai ba Bahaushe mamaki ba tun da mu ma mukan ce gurasa guda biyu.

Na ga ana sa *rā* bayan karɓau. Me ya sa babu ita a jimlarmu?

Domin gurasar da ke cikin jimlar ba takamaimiya ba ce. *Rā* tana biyo karɓau ne kawai idan mai magana da mai sauraro sun san wanda ake nufi. *Nān kharidam* na sayi gurasa. *Nān rā kharidam* na sayi gurasar, wato wadda aka yi zancenta. Ta yi kama da madanganci na Hausa, wato *-r* ɗin da ke ƙarshen gurasar, amma da sharaɗi: madanganci yana hawa aikau da karɓau duka, *rā* kuwa ba ta taɓa bin aikau. Gurasar ta ƙare *nān tamām shod* ne, babu *rā*.

Sunan mutum, wakilin suna, abin da aka nuna da *in* ko *ān*, da abin da aka mallaka wa wani, duk takamaimai ne, saboda haka suna buƙatar ta: *Ali rā didam* na ga Ali, *in nān rā mikharam* zan sayi wannan gurasa, *ketābam rā bede* ba ni littafina. Wurinta kuma bayan dukkan yankin sunan ne, bayan jerin *ezāfe* ya ƙare: *nān-e tāze-ye nānvāyi rā khordim* mun ci sabuwar gurasar gidan gurasa. Masu koyo kan manta da ita a watannin farko, daga baya kuma su riƙa cusa ta ko'ina, na biyun ne ya fi ɓata magana.

Ban da *az*, waɗanne haruffan wuri ne suka fi yawo?

Na asali su ne *be* zuwa ko ga, *dar* a cikin, *bā* tare da, *bi* ba tare da, da *tā* har. Waɗannan ba su ɗaukar *ezāfe*. Akwai kuma rukuni na biyu waɗanda asalinsu sunaye ne, don haka suna ɗaukar sa, kuma ginin ya zo ɗaya da na Hausa: *posht* baya ne na jiki, *posht-e masjed* bayan masallaci, *zir-e miz* ƙarƙashin tebur, *kenār-e nānvāyi* gefen gidan gurasa, *ru-ye miz* a kan tebur. *Az* kanta tana da aiki na biyu wajen kwatanci: *sangak az lavāsh bozorgtar ast*, sangak ya fi lavash girma.

Yaya ake tambaya?

Kalmar tambaya takan zauna ne a gurbin abin da ake tambaya, ba lallai ta koma farkon jimla ba. *Az kojā nān mikhari?* daga ina kake sayen gurasa; *key mikhari?* yaushe, *ce mikhari?* me, *cerā* don me, *ki* wa, *cand* nawa. Tambayar i ko a'a da ɗaga murya ake yi, a rubutu kuma a sa *āyā* a farko, wadda take daidai da shin.

Me ya sa aikatau da yawa suke zuwa kalma biyu?

Saboda aikatau tilo irin *kharidan* ba su da yawa a maganar yau da kullum, mafi yawan ayyuka da suna ko sifa ake gina su tare da wani ƙaramin aikatau. Mafi yawo shi ne *kardan*, wanda yake aiki kamar yi a Hausa: *kār kardan* yin aiki, *sabr kardan* yin haƙuri ko jira, *kharid kardan* yin sayayya. Sai *zadan* bugawa, a *harf zadan* yin magana da *zang zadan* buga waya, da *shodan* zama, da *gereftan* a *yād gereftan* koyo. *Khordan* yana nufin ci da sha duka, *nān khordan* da *cāy khordan*, kuma kamar ci da sha na Hausa ya yaɗu zuwa inda babu abinci: *sarmā khordan* kamuwa da mura, *zamin khordan* faɗuwa ƙasa, *qasam khordan* rantsuwa. Wajen sarrafawa, kalmar farko ba ta motsi, ta biyun ce ke ɗaukar *mi-*, korewa da ɗafa-ƙeya: *kār nemikonam* ba na aiki. A nan ne ilimin Larabci yake biyan mai shi, domin masdarin Larabci da yawa da an ƙara musu *kardan* sun zama aikatau na Farisanci.

Abin da nake ji a bakin mutanen Tehran bai yi kama da na littafi ba. Wanne zan koya?

Duka biyun, amma na littafi tukuna, domin na baki daga gare shi ake gutsurowa bisa ƙa'idoji sanannu. Doguwar ā a gaban n ko m takan koma u, saboda haka jimlarmu a titi za ta fito *har ruz sob az nunvāyi-ye mahalle nun-e tāze mikharam*; *khāne* ya zama *khune*, Tehran kanta *Tehrun*. Ɗafa-ƙeyar *-ad* takan zama *-e*, *mikhare*; *ast* ma *-e*; *rā* ta koma *ro* ko *-o*, *nuno kharidam*. Tushen wasu aikatau yakan gajarce, *miravam* ya zama *miram*, *miguyam* *migam*, *mikhāham* *mikhām*. Wurin da za a je kuma yakan koma bayan aikatau a jefar da *be*: *be khāne miravam* na littafi, *miram khune* na baki. Saƙonnin waya da sharhin kafofin sada zumunta da na baki ake rubuta su, jarida, takardar jarrabawa da wasiƙar ofis kuwa da na littafi.

Idan na isa gidan gurasar, me zan ce?

*Salām, khaste nabāshid*, wato kada ku gaji, ita ce sannu da aiki ta can, amsarta *salāmat bāshid*. Sai buƙata, *do tā sangak lotfan*, sannan *cand mishe?* nawa ya kama. A yi amfani da *shomā* ku ga wanda ba a saba da shi ba ko wanda ya girme ka, kamar yadda ake yi wa manya a Hausa, *to* kuwa na aboki ne da yaro. Idan mai shago ya ce *qābel nadāre*, ma'ana bai kai a biya ba, wannan *ta'ārof* ne, ladabin baki da al'ada ta tanada. A yi godiya a biya. Godiyar na iya zama *mamnun*, ko *mersi* da aka aro daga Faransanci, ko *dast-e shomā dard nakone* kada hannunku ya yi ciwo. A kuma lura da kuɗi: a hukumance riyal ne, amma da toman mutane suke faɗin farashi, toman ɗaya kuwa riyal 10 ne.

Jimlar za ta yi aiki a Afganistan da Tajikistan?

Za a fahimce ta. Harshe ɗaya ne mai sigogi uku, Farsi a Iran, Dari a Afganistan inda tsarin mulkin 1964 ya tabbatar da wannan suna, da Tajik wanda ake rubutawa da haruffan Rasha tun wajen 1940. A Kabul za a ji *roz* a maimakon *ruz*, *tāza* a maimakon *tāze*, و kuma w ce, abin da ya fi wa bakin Bahaushe sauƙi. Dari ya riƙe wasulan da Iran ta haɗe, shi ya sa zaki *sher* ne madara kuma *shir*, alhali a Tehran duka *shir* ne. Kalmomin abubuwan zamani ma sun bambanta, musamman tun da Iran ta kafa majalisar harshe ta Farhangestan a 1935 don ƙirƙirar kalmomi: asibiti *bimārestān* ne a Iran, *shafākhāna* a Afganistan.

Daga wannan jimla, yaya ake hawa zuwa dogayen jimloli?

Mabuɗin shi ne *ke*, wadda take aikin da da kuma cewa. Don siffanta suna da jimla, a liƙa masa *-i* sannan a kawo *ke*: *nāni ke diruz kharidam tāze bud*, gurasar da na saya jiya sabuwa ce. Don kawo zance: *goft ke nān tamām shod*, ya ce gurasa ta ƙare. Sai *va* da, *ammā* amma, *cun* domin, da *agar* idan, wadda takan jawo umartau da aka yi bayaninsa a amsar korewa da umarni: *agar zud beravam, nān-e garm mikharam*, idan na tafi da wuri zan sayi gurasa mai zafi. Kowane yanki yana riƙe aikatau ɗinsa a ƙarshensa, don haka idan doguwar jimlar jarida ta rikita ka, fara da nemo aikatau na can ƙarshe, ka koma farko ka nemo mai aikin, ka ja layi ƙarƙashin duk abin da *rā* ta biyo, sannan ka warware abin da ke tsakanin *ke* da aikatau ɗinta a matsayin ƙaramar jimla mai zaman kanta.